Ginin Majalisar Dokokin Aisalan: Tambayoyi da Amsoshi

Aisalan tsibiri ne can arewacin tekun Atlantika, kuma duka mutanen ƙasar ba su cika dubu 400 ba. Majalisar dokokinsu, wadda suke kira Althingi, tana cikin tsofaffin majalisun duniya. Amma ginin da take zama a ciki ɗan ƙarami ne, har baƙo kan wuce ta gabansa bai san ya wuce majalisar ƙasa ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansa.

A ina ginin yake, kuma yaya kamanninsa?

Yana tsakiyar tsohon garin Reykjavik, babban birnin ƙasar, yana fuskantar wani dandali mai ciyawa da ake kira Austurvöllur. Bene ne mai hawa biyu, an gina shi da dutse mai ruwan toka da ya yi duhu, ba fenti, ba shafe. Tagoginsa dogaye ne, samansu a lanƙwashe. A tsakiyar hawa na biyu akwai 'yar baranda, kuma daga nan ne sabon shugaban ƙasa yake fitowa ya gai da jama'a ranar 1 ga Agusta bayan an rantsar da shi. Babban cocin birnin yana dab da shi ta gabas, taku kaɗan ne tsakaninsu. Ta baya akwai lambu, gaba kaɗan kuma tafkin da ke tsakiyar gari.

Babu katanga a gabansa, babu doguwar farfajiya. Titi ɗaya siriri ne ya raba ƙofar da dandalin da mutane ke shan hantsi idan rana ta fito. Wannan kusancin yana da nasa labarin, za mu zo kansa.

An ce majalisar ta haura shekara dubu, to yaya aka yi ginin na 1881 ne?

Saboda majalisar ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta da rufi. An kafa ta a wajejen shekarar 930, a wani fili da ake kira Thingvellir, kimanin kilomita 45 gabas da Reykjavik. Mutanen da suka zauna tsibirin, akasarinsu daga Norwe, ba su naɗa sarki ba. Abin da suka yi shi ne, kowace shekara a watan Yuni, manyan gari da mabiyansu su hau dawaki daga kowace kusurwa su haɗu a filin nan na mako biyu. A nan ake yin doka, a yanke shari'a, a sasanta rikicin jini, a ƙulla aure, a yi ciniki. Kowane babba yana da bukkarsa ta dutse da ƙasa, idan ya zo sai a shimfiɗa mata rufin saƙi.

Babu rubutacciyar doka a lokacin. Mutum ɗaya ake zaɓa na shekara uku, aikinsa ya haddace dokokin ƙasar gaba ɗaya. Sai ya hau wani tudun dutse, Lögberg, ya karanto sulusin dokar da ka a kowace shekara, ta yadda kafin wa'adinsa ya cika jama'a sun ji ta duka. Sai a hunturun 1117 zuwa 1118 aka fara rubuta ta.

Hukunci mafi girma da aka yanke a filin shi ne na wajejen shekarar 1000, lokacin da ƙasar ta rabu biyu tsakanin masu bin addinin gargajiya da waɗanda suka karɓi Kiristanci, har ana shirin zubar da jini. Aka bar wa mai haddar dokar na lokacin, Thorgeir, ya yanke. Shi kansa ɗan gargajiya ne. Ya kwanta ya lulluɓe da mayafinsa yini da kwana bai ce uffan ba, da ya tashi ya ce ƙasa ɗaya ba za ta ɗauki doka biyu ba, kowa ya zama Kirista, amma mai son yanka ga gumakansa ya yi a ɓoye.

To da gaske ne ita ce majalisar da ta fi kowace tsufa a duniya?

Ya danganta da yadda mutum ya ƙirga. Idan ranar kafawa ake dubawa, da wuya a samu majalisar ƙasa da ke aiki yau wadda ta riga ta. Amma akwai abubuwa biyu da masu tallar yawon buɗe ido ba su cika faɗa ba.

Na farko, ikonta ya yi ta zaizayewa. Tsakanin 1262 da 1264, bayan yaƙin basasa tsakanin manyan gidaje, mutanen tsibirin suka yi mubaya'a ga sarkin Norwe. Daga 1380 sarautar Norwe ta haɗe da ta Danmak, Aisalan ta bi. A 1662 aka amince wa sarkin Danmak cikakken iko, daga nan Althingi ta koma kusan kotu kawai. Wannan zamanin ne aka riƙa nutsar da matan da aka yanke wa hukuncin kisa a wani gurbin ruwa da ke filin, wanda har yau ake nuna wa baƙi.

Na biyu, an taɓa rufe ta baki ɗaya. Zama na ƙarshe a Thingvellir an yi shi a 1798, aka ɗan zauna a Reykjavik, sannan sarki ya soke ta a 1800. Shekara 45 ƙasar ba ta da majalisa. Wannan giɓin ne ya sa majalisar Tynwald ta tsibirin Man, da ke tsakanin Ingila da Ayalan, take cewa ita ce ta fi daɗewa tana zama ba yankewa.

Da aka dawo da ita, me ya sa ba a mayar da ita tsohon filin ba?

An yi gardama sosai a kan haka. Wasu matasan marubuta da mawaƙa 'yan Aisalan da ke karatu a Kopenhagen, babban birnin Danmak, sun so a koma Thingvellir, domin a can darajar ƙasar take a ganinsu. Jón Sigurdsson, malamin tarihi wanda ya zama jagoran neman 'yancin ƙasar, ya ƙi. Hujjarsa ita ce majalisar zamani tana bukatar gari: wurin kwana, ɗakin karatu, maɗaba'a, tashar jirgin ruwa, da kusanci da jami'an gwamnatin da za a tuhuma. Yana kuma so Reykjavik, wadda 'yan kasuwar Danmak suka mamaye a lokacin, ta zama birnin 'yan ƙasa. Ra'ayinsa ne ya yi rinjaye, kuma ina ganin ya fi abokan gardamarsa hangen nesa.

Sarki Christian na Takwas ya ba da umarnin dawo da majalisar a 1843, ta fara zama a 1845 da wakilai 26, ashirin zaɓaɓɓu, shida naɗin sarki. Shawara kawai take bayarwa. Ba ta da gini, sai aka ara mata zaure a makarantar sakandaren Latin ta garin, inda ta zauna fiye da shekara talatin. A zauren nan ne a 1851 wakilin sarki, Trampe, ya rufe babban taron ƙasa da ƙarfi don ya ga wakilai ba za su amince da tsarin da Danmak ta kawo ba. Jón ya miƙe ya ce bai yarda ba, sauran suka tashi suka ce da murya ɗaya dukansu ba su yarda ba. Kowane ɗan makaranta a Aisalan ya san wannan rana, kuma zanenta yana rataye a cikin ginin majalisar na yanzu.

Thingvellir dai ba a yar da shi ba. Ya zama gandun ƙasa a 1930, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, kuma majalisar kan koma can idan babbar rana ta zo.

Wa ya zana ginin, wa ya gina shi?

Tun 1867 majalisar ta yanke shawarar a gina mata gida da dutsen ƙasar, don tunawa da cikar shekara dubu da fara zama a tsibirin, wadda za ta faɗo a 1874. Shekarar ta zo ta wuce ba gini, don babu kuɗi. Abin da 1874 ta kawo shi ne kundin tsarin mulki. Sarki Christian na Tara ya zo da kansa, kuma kundin ya ba majalisar ikon yin doka tare da sarki da ikon tsara kasafin kuɗi. Da jakar kuɗi ta shigo hannunsu, sai a 1879 suka ware na ginin.

Wanda ya yi zanen shi ne Ferdinand Meldahl, ɗan Danmak, babban mai zanen gine-gine na zamaninsa. Shi ya jagoranci sake gina fadar Frederiksborg bayan gobarar 1859, shi kuma ya ƙarasa cocin marmara na Kopenhagen. Shugaban magina, Bald, shi ma ɗan Danmak ne. An riga an fara haƙa harsashi a wani gangare da ke gefen titin Bankastræti na yanzu, amma da Bald ya iso bai yarda da wurin ba. Aka dawo kusa da coci, aka sayi lambun kayan miya na wani malamin makaranta kuma ɗan majalisa, a farashin da mutanen gari suka daɗe suna gunaguni a kansa. Aka aza harsashi a watan Yunin 1880, majalisar ta fara zama a ciki ranar 1 ga Yulin 1881.

Shekara ɗaya da 'yan kwanaki ke nan, kuma hunturun da ya faɗo a tsakiyar aikin yana cikin mafiya tsanani da aka taɓa rubutawa a ƙasar.

Me ya sa ake yawan maganar dutsen? Ai dutse dutse ne.

Sai an san yadda ƙasar take a 1880 za a gane. Mutanenta wajen dubu 72 ne, na Reykjavik ba su kai dubu uku ba. Talauci ya yi katutu. Dutsen Askja ya yi aman wuta a 1875, toka ta rufe gonakin gabas, mutane suna ta kwashe iyalansu zuwa Kanada. Tsibirin ba shi da dazuzzukan katako, sai itacen da teku ya kaɗo ko wanda aka sayo da tsada daga waje. Talaka yana kwana ne a ɗakin da aka tayar da duwatsu da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa, rufin ma ciyawa ce. Ɗaki ne mai riƙe ɗumi, amma ruwa yana cinsa, sai an yi ta gyara kamar ginin ƙasa bayan damina.

Dutse kam ga shi ko'ina, domin tsibirin kansa aman wuta ne ya haife shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu sanin fasa shi da daidaita shi. Akwai 'yan gine-ginen dutse kafin wannan, kamar gidan yarin ƙarni na 18 wanda yau shi ne ofishin firaminista, amma ƙalilan ne. Dutsen majalisar daga tudun da ke saman gari aka fasa shi. Maginan da suka zo daga Danmak suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da leburorin gari, waɗanda suka koyi yadda ake jera ramuka a jikin dutse, a kafa ƙarafa, a buga har ya tsage a miƙe. Da aka gama aiki, sana'ar ta zauna a hannun 'yan ƙasa. A shekarun da suka biyo baya aka gina ƙananan gidajen dutse da yawa a Reykjavik, wasu suna nan har yau, kafin siminti ya zo ya kore su.

Idan ka matsa kusa da bangon za ka ga ba a goge fuskar duwatsun ba. Kowanne da ƙurajensa da 'yan ramukan iskar da ta maƙale lokacin da dutsen yake narke. Idan ruwan sama ya jiƙa shi sai ya koma kusan baƙi.

Waɗanne siffofi ne aka sassaƙa a saman tagogi?

A saman tagogi huɗu na hawa na biyu akwai siffofin masu gadin ƙasa na tatsuniyarsu: dodon maciji, ƙaton tsuntsu, bijimi, da basamude. Labarin yana cikin tarihin sarakunan Norwe da Snorri Sturluson ya rubuta a ƙarni na 13. Wai sarki Harald na Danmak ya yi niyyar kai wa tsibirin yaƙi, sai ya tura bokansa ya leƙo masa. Boka ya rikiɗe ya zama ƙatuwar dabbar teku. Ya nufi gabas, dodon maciji ya fito masa yana feshin dafi. Ya zagaya arewa, tsuntsu ya tare shi, fukafukansa suna taɓa duwatsun da ke gefe da gefe na mashigin ruwa. A yamma bijimi ya shigo cikin teku yana ruri. A kudu basamude ya fito da sandar ƙarfe, kansa ya fi tsaunuka tsawo. Boka ya koma ya ce wa sarki a haƙura.

Abin dariyar shi ne, labarin korar sarkin Danmak ne aka sassaƙa a ginin da ɗan Danmak ya zana, ƙarƙashin kambin wani sarkin Danmak. Siffofin nan huɗu su ne ke riƙe da tambarin ƙasar a yau, suna kuma jikin tsabar kuɗinsu.

Kambin sarkin Danmak yana nan har yanzu? Ba sun sami 'yanci ba?

Yana nan. A can ƙololuwar gaban ginin akwai kambi da alamar sunan Christian na Tara, ga kuma shekarar 1881. An sha kiran a cire shi, har daga cikin 'yan majalisar, amma ba a cire ba. Masu cewa a bar shi suna ganin tarihin ginin ne, kuma sarkin ne ya ba su kundin 1874.

Wani abin kam an cire shi. Da farko akwai tambura biyu a gaban ginin, na Danmak mai zakuna, da na Aisalan na wancan lokaci: busasshen kifi da aka fede, an ɗora masa kambi. 'Yan kishin ƙasa sun tsani tambarin nan, suna ganin raini ne, aka maye gurbinsa da shaho a 1903. Busasshen kifin dai bai daina ciyar da su ba, kuma Nijeriya na cikin manyan masu sayensa daga wurinsu har gobe.

'Yancin ya zo ne daki-daki, ba tare da yaƙi ba. A 1904 suka sami minista ɗan ƙasa mai zama a Reykjavik. Ranar 1 ga Disamba 1918 Aisalan ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, sarki ɗaya kawai ya haɗa ta da Danmak. Da Jamus ta mamaye Danmak a Afrilun 1940, majalisar ta karɓi ikon sarki a hannunta. A 1944 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kowa ya zaɓi rabuwa, kuma ranar 17 ga Yuni 'yan majalisar suka tafi Thingvellir cikin ruwan sama suka ayyana jamhuriya, suka zaɓi Sveinn Björnsson shugaban ƙasa na farko.

Majalisa ce kaɗai ta taɓa zama a ginin?

A'a. A shekarun farko na ginin majalisar tana zama ne sau ɗaya a shekara biyu, na 'yan makonni da bazara, kuma ƙasa matalauciya ba za ta bar gini mafi kyau da take da shi a kulle ba. Ɗakin karatu na ƙasa da kayan tarihi sun zauna a ciki kafin a yi musu nasu wurin. Jami'ar Aisalan a nan aka kafa ta ranar 17 ga Yuni 1911, da ɗalibai 45, mace ɗaya a cikinsu, kuma a hawan ƙasa ta yi ta karatu har 1940. Bayan ta tashi, ofishin shugaban ƙasa ya shigo, bai fita ba sai 1973.

Yaya zauren yake, kuma yaya ake zama?

Zauren yana hawa na biyu, kuma matsattse ne. An yi ginin ne lokacin da wakilai 36 ne, a majalisu biyu, ta sama mai 12 da ta ƙasa mai 24. A 1991 aka haɗe su wuri ɗaya. Yanzu wakilai 63 ne, duk a ɗakin da aka yi wa waccan majalisar mai 24, ga kuma kujerun ministoci suna fuskantar su.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne ba a zama jam'iyya-jam'iyya. A farkon kowane zango ƙuri'a ake jefawa a raba kujeru, don haka mutum kan wayi gari gwiwarsa tana gugar ta babban abokin adawarsa, kuma haka za su zauna har zango ya ƙare. Wannan bai hana su zafafan muhawara ba, ba kuma ya hana 'yan adawa jan magana har tsakar dare don su hana doka wucewa, abin da suka ƙware a kai. Amma akwai ladabin magana da ba a ƙetarewa: mai jawabi yana fuskantar shugaban majalisa ne, ɗan'uwansa wakili kuma sai ya kira shi mai daraja, minista mai girma, ko da zai caccake shi a jimla ta gaba.

Ana buɗe sabon zango a watan Satumba. Shugaban ƙasa da bishop da ministoci da wakilai sukan fara da addu'a a cocin da ke kusa, sannan su tako a jere zuwa majalisa. Waɗanda ba sa son shiga coci ba a tilasta musu.

Su wane ne mutum-mutumin da ke wajen?

Wanda ke tsakiyar dandali, yana tsaye a kan dogon dutse yana kallon ƙofar majalisa, Jón Sigurdsson ne. Einar Jónsson ya sassaƙa shi a 1911, aka dawo da shi nan a 1931. Jón ya rasu a Kopenhagen a Disambar 1879, wata shida kafin a aza harsashin ginin, don haka bai taɓa ganinsa ba. Ranar haihuwarsa, 17 ga Yuni, ita aka zaɓa don kafa jami'a, ita kuma aka zaɓa don kafa jamhuriya.

Ta gefen ginin akwai na Ingibjörg H. Bjarnason, shugabar makarantar 'yan mata, mace ta farko da aka zaɓa a majalisar a 1922. An kafa shi a 2015, shekara ɗari bayan mata sun sami 'yancin jefa ƙuri'a. A 1915 ɗin ma sai wadda ta kai shekara 40 aka yarje wa.

Me ya sa duk zanga-zangar ƙasar a gaban ginin nan ake yinta?

Domin babu inda ya fi shi. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen ƙasar suna zaune ne a Reykjavik da kewayenta, dandalin yana tsakiyar gari, kuma wanda ya ɗaga murya a cikinsa ana jin sa a zauren majalisa. Ƙasar ba ta da soja, 'yan sandanta ma ba su saba yawo da bindiga ba.

Ranar 30 ga Maris 1949, lokacin da wakilai ke ƙuri'ar shiga ƙungiyar tsaro ta NATO, dubban mutane suka cika dandalin. Aka yi ta jifa da duwatsu, tagogin majalisa suka farfashe, 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye. Ƙuri'ar ta wuce da 37 a kan 13. A 1972 wani kafinta da ya daɗe yana neman a soke masa baftismarsa a hukumance ya tare jerin gwanon buɗe majalisa, ya watsa wa shugaban ƙasa da bishop da wakilai skyr, wani kindirmo mai kauri da suke ci.

Wadda duniya ta fi sani ita ce ta 2008 zuwa 2009. A watan Oktoban 2008 manyan bankunan ƙasar uku, Glitnir da Landsbanki da Kaupthing, suka durƙushe cikin mako guda. Sun ci bashin da ya ninka tattalin arzikin ƙasar sau da yawa. Darajar kuɗinsu ta faɗi, bashin gidaje da na motoci ya kumbura a kan talakawa. Mutane suka fara taruwa kowace Asabar. Wata rana wani matashi ya hau rufin majalisa ya ɗaga tutar wani kantin sayar da kayan masarufi mai araha, mai hoton alade, yana nufin an sayar da ƙasar. Ranar 20 ga Janairu 2009, da wakilai suka dawo hutu, jama'a suka zo da tukwane da kwanoni da ludaya suka kewaye ginin suna kaɗawa dare da rana cikin sanyin hunturu. Wakilai suna jawabi, ƙarar tana shigowa ta bango. 'Yan sanda suka sake amfani da hayaƙi mai sa hawaye, karo na farko tun 1949. Ranar 26 ga wata gwamnatin Geir Haarde ta faɗi, Jóhanna Sigurdardóttir ta karɓi ragama a farkon Fabrairu.

A Afrilun 2016 aka maimaita, bayan wasu takardun sirri da aka bankaɗo, waɗanda ake kira takardun Panama, sun fallasa alaƙar firaminista Sigmundur Davíd Gunnlaugsson da wani kamfani da aka yi wa rajista a waje. An yi taron ranar 4 ga wata, washegari firaministan ya sauka. Yanzu idan ana tsammanin taro 'yan sanda sukan jera shingen ƙarfe na wucin gadi a gaban ƙofa, in an watse a kwashe. A gefen dandalin kuma akwai wani ƙaton dutse da aka tsaga da baƙin tsinin ƙarfe, aikin Santiago Sierra ɗan Sifen, wanda aka kafa a 2012 don tunawa da masu kaɗa tukwane.

Gaskiya ne akwai kabari a harabar majalisar?

Gaskiya ne. Lambun da ke bayan ginin an fara shi ne a 1893, yana cikin tsofaffin lambunan jama'a na ƙasar. Tryggvi Gunnarsson, ɗan majalisa kuma shugaban banki, shi ya ɗauki nauyinsa, ya yi ta dasa itatuwa da furanni da hannunsa a ƙasar da iska da sanyi ba sa barin itace ya yi tsawo. Ya roƙi a binne shi a ciki, kuma da ya rasu a 1917 aka cika masa burinsa. Kabarin yana can ƙarshen lambun.

Ginin nan kaɗai ya ishi majalisar zamani?

Bai isa ba, an daɗe da sanin haka. A 1908 aka ƙara masa wani zagayayyen ɗaki ta baya, Kringlan, don karɓar baƙi. A 2002 aka buɗe wani sabon ɓangare ta yamma, na gilashi da dutse, inda ƙofar shiga ta yau da kullum da ɗakin cin abinci suke. Ofisoshin wakilai da na kwamitoci kuwa sun yi shekaru a warwatse cikin gidajen haya a unguwar, sai daga baya aka tattara su a sabon gini mai suna Smidja, wanda aka lulluɓe da duwatsun ƙasar iri-iri a jere launi-launi. Kafin a gina shi masu binciken tarihi sun tona filin, suka samu burbushin maƙeru na mutanen farko da suka zauna wurin. Tsohon ginin dai shi ne har yanzu wurin muhawara da jefa ƙuri'a.

Baƙo zai iya shiga?

Idan majalisa tana zama, akwai barandar 'yan kallo a saman zauren, kowa yana iya hawa bayan binciken tsaro. Da harshen ƙasar ake muhawara, ana kuma nuna ta kai tsaye a talabijin da intanet. Lambun baya a buɗe yake ga jama'a. Daga tsakiyar bazara zuwa Satumba majalisa tana hutu, don haka mai son ganin zama ya zo tsakanin kaka da ƙarshen hunturu, ya kuma shirya wa duhu, domin a Disamba hasken rana wajen awa huɗu zuwa biyar ne kawai. Aisalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Schengen na ƙasashen Turai masu biza ɗaya, bizar yankin ita ake shiga da ita. Daga Reykjavik zuwa Thingvellir tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota.